Dokar koyon sana'a: amsa ga wani mai walda a Garwa

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Baba Malam, ina da shagon walda a Garwa, shekarata 19 a ciki, yara 7 ne a hannuna. Wani da na yaye bara ya je neman aiki a wani kamfani, aka ce ina takardarsa, ya miƙa wadda na rubuta masa da hatimin shagona, aka mayar masa da ita. Yanzu kuma ana ta cewa gwamnati za ta sa doka a kan masu koya wa yara sana'a. Ni tsorona kada a fake da doka a zo mana da sabon haraji. Kai da ka yi aiki a wannan fanni, mu goyi baya ko mu ƙi?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa yaran albarka. Dokar da kake jin tsoron zuwanta ta riga ta zo tun tuni, ta ma girme ka a sana'a. Dokar ƙwadago ta Kamaru da aka sa wa hannu ranar 14 ga Agusta 1992 ta ce yarjejeniyar koyon sana'a sai a rubuce, in ba a rubuta ba, a idon hukuma kamar ba a yi ta ba. Ta kuma hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da da sunan koyo ne. Kafin ita akwai ƙa'idar 1969, wadda ta ce mai koyarwa sai ya kai shekara 21, koyo kada ya wuce shekara 4, kuma a riƙa ba yaro wani kaso na mafi ƙarancin albashi, yana hawa daki-daki har ya cika. Sannan ranar 11 ga Yuli 2018 aka yi doka guda sukutum kan koyar da sana'o'i, wadda ma'aikatar samar da aiki da koyar da sana'o'i, wato MINEFOP, ke riƙe da ita. Har ɗan garinku, Issa Tchiroma Bakary, ya riƙe wannan ma'aikata daga 2019 zuwa 2025.

To yanzu juya ka dubi yaranka 7. Nawa ne ke da rubutacciyar yarjejeniya? Na san amsar, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ka taka daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya, ka shiga kowane gareji da shagon kafinta da na tela, da wuya ka haɗa takardu goma. Uba ya kawo ɗansa, an gaisa, an raba goro, an yi fatiha, ya ce "ga amana", magana ta ƙare. Haka aka kai ni wurin wani mai walda a Marwa ina ɗan shekara 13, tun kafin in shiga makarantar fasaha, in koyar shekara da shekaru a cibiyar horo, in zauna cikin alƙalan jarrabawa har na yi ritaya.

Dalilin da ya sa ba a bin dokar a bayyane yake: an ɗinka rigar ne da awon babban kamfani irin kamfanin auduga na Sodecoton, mai ofishin ma'aikata da akanta, aka ce mai rumfar kwano ya sa. Ɗauki maganar kuɗi kawai. Tun watan Maris na 2023 mafi ƙarancin albashi a irin aikinku sefa 60,000 ne a wata. In huɗu daga cikin yaranka sun daɗe har sun kai matakin cikakken kaso, sefa 240,000 ke nan duk wata, ban da haya, ban da wuta, ban da ranakun da wutar ta ɗauke kuka wuni kuna hira. Ranar da aka ce dole ka biya wannan, ba biya za ka yi ba, sallamar yara biyar za ka yi, su koma tasha ko su hau babur. Dokar da ba ta biyuwa abu biyu take zama: ko kowa ya manta da ita, ko ta zama sanda a hannun ƙaramin jami'in da zai zo ya karanta maka laifinka da Faransanci, ya tsaya yana jiran na goro. A nan tsoronka yana kan hanya, ba zan ce maka a'a ba.

Sai dai kada ka yi saurin jin daɗi, domin mu ma masu shaguna muna da namu, kuma ni da kai mun san shi. Yaro ya shigo, shekara biyu cur aikinsa shara, sayen shayi, riƙe ƙarfe, da kai wa uwargida cefane. Babu ranar gamawa. Ranar yaye tana cikin zuciyar maigida, kuma mafi yawanci yaron da ya fi hannu shi ya fi daɗewa, don shi ke kawo kuɗi. Na san maigidan da in zai daidaita wutar inji don waldar fallen ƙarfe marar kauri, wadda in wuta ta yi yawa take hudawa, sai ya aiki babban yaronsa sayen sigari. Shekara biyar yaron yana shagon bai taɓa ganin inda ake ajiye allurar wutar injin ba.

Ga kuma ido. Wata safiya, ina koyarwa lokacin, aka kawo mini ɗan maƙwabta an ja masa hannu kamar makaho, idanu sun yi jajur, hawaye na zuba, yana cewa an zuba masa yashi. Kwana ɗaya kafin nan ya wuni yana riƙe wa maigidansa ƙarfe, ba garkuwar fuska, sai tabarau baƙi na kasuwa irin na gayu. Da dare uwarsa ta ɗiga masa madarar gwangwani. Da na je shagon, garkuwa ɗaya ce tak, ta maigida, ita ma gilashinta ya tsage an ɗaure da waya. Maigidan ya ce mini, "Haka mu ma muka koya." Gaskiya ya faɗa, ni ma haka na koya, shi ya sa yau ba na iya karanta saƙon waya sai na nisanta ta. Wannan ba al'ada ba ce da za a ce a kiyaye.

Abu na uku ya fi waɗannan nauyi: maigida ba ya iya ba da abin da ba shi da shi. Wanda ya koyi waldar baƙin ƙarfe da sanda a 1995 ita zai koyar yau, alhali kasuwa tana neman mai alminiyom, da mai ƙarfen da ba ya tsatsa, da mai walda da iskar argon. An kafa tashoshin wutar rana a garuruwan Gidar da Marwa, gidaje sun cika da faifai da batura, motoci kuma yanzu sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu. Makaniken da ya ƙware a kafireta in ya yaye yaro goma, ya yaye su ne ga motocin da ke ƙarewa.

Mu zo ga yaronka da aka mayar wa takarda. Na san ya yi maka zafi, kamar an ce shekarunka 19 ba komai ba ne. Amma sa kanka a kujerar mai ɗaukar aikin. Gabansa takarda iri uku ce. Akwai CAP na makarantun fasaha, da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimin sakandare. Akwai CQP da DQP, takardun shaidar ƙwarewa a sana'a na MINEFOP. Sai taka, mai hatimin da kowa zai iya zuwa kasuwa a sassaƙa masa irinsa. Shi bai san ka ba, bai taɓa ganin ƙofar da ka haɗa ba. In ya ɗauki mai CAP aiki ya lalace, zai ce takardar gwamnati na bi. In ya ɗauki naka aiki ya lalace, wuyansa ne. Sunanka yana aiki a unguwa, har a Garwa duka, amma ba ya haye gadar Binuwai ya kai Ngaundare, balle Njamena ko Yola.

Takardar gwamnatin ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Wata shekara muna jarrabawa, aka zo aikin hannu: a haɗa ƙarfe biyu baki da baki, mu yanka, mu matse, mu lanƙwasa mu ga ko zai tsage. Akwai wani yaro da ya yi shekara shida a shago kafin wani kawunsa ya biya masa ya shigo cibiya. Da ya ja sanda, na tsaya a bayansa ina sauraro, domin walda mai kyau ana jin ta a kunne kafin a gan ta, sautin ba ya yankewa, kamar ana suyar ƙosai. Ya ƙwanƙwasa, ɓawon ya tashi da kansa, layin ya fito tsaf kamar ɗinkin keke. Muka lanƙwasa ƙarfen har ya kusa haɗe baki, bai ko yi tsaga ba. Na kusa da shi, wanda ya fi kowa iya bayani a aji, nasa ya ɓalle tun a bugu na biyu. Da sakamako ya fito, mai bayani ya ci, mai hannu ya faɗi, saboda takardar rubutu da Faransanci take, shi kuma karatunsa na allo ne. Tambayar da ta kayar da shi, da an yi masa ita da Fulatanci ko Hausa, da ya amsa ta har da ƙari, don kullum yana aikata ta. Na sa hannu a kan wannan sakamako, kuma har yau yana ci mini rai.

Daga wannan rana na san irin gyaran da nake goyon baya, kuma shi nake so ka goya wa baya: a auna hannu, a ba hannu takardar da ake karɓa ko'ina. Dokar 2018 ta buɗe wannan ƙofa, domin a cikinta akwai tsarin da ake kira VAE, wato a duba abin da mutum ya ƙware a kai ta hanyar aiki, a ba shi shaida ko da bai zauna a aji ba. A takarda ƙofar tana buɗe. A ƙasa kuwa, ka tambayi masu walda ɗari a Garwa, ka ga nawa suka taɓa jin sunanta.

Ba mafarki nake yi ba, an yi a wani wuri. A Jamhuriyar Benin, tun 2005 suka shigar da koyon shago cikin tsarin ƙasa da takardu biyu. Ɗaya CQP, inda yaro yake shagon maigidansa yawancin mako, ya je cibiya kwana ɗaya ya koyi awo da zane da abin da shago ba ya koyarwa. Ɗayar CQM, jarrabawar hannu ce ga wanda ya gama koyo a shago, ƙungiyoyin masu sana'a suna cikin masu shirya ta, kuma an yi ta ne don ta maye gurbin bikin yaye mai cin kuɗi da iyaye ke shan wahalarsa. Ba su tsira daga matsala ba, musamman ta kuɗin tafiyar da CQP, amma sun gane abin da muka ƙi ganewa, cewa babbar makarantar sana'a ta ƙasa ita ce shago. Nijeriya ma tana da tsohuwar jarrabawar sana'a ta ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku, ana hawa daga na uku zuwa na ɗaya, abin da ke ba mutum damar samun ƙaramar shaida da wuri maimakon ya jira babba.

In za a yi irin wannan a nan, wanda zai zauna alƙalanci shi ne jigon maganar. In malaman cibiya ne kaɗai, za su auna abin da suka sani, wato alli da allo. In masu shaguna ne kaɗai, ka wuce da ɗana in wuce da naka. A haɗa su: maigida biyu, malamin cibiya ɗaya, wakilin ma'aikatar MINEFOP ɗaya, kuma kada kowa ya auna yaronsa. Mai walda daga Gidar ya zo ya duba yaran Garwa, na Garwa ya je Figil. A yi tambayoyin baka da harshen da yaro ke ji, Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa in a Kusiri ne. Faransanci da lissafi a koyar da su a gefe, don wanda zai karanta zanen injiniya ba makawa sai da su, amma kada su zama katangar da za ta hana a ga aikin hannu.

Yarjejeniya kuwa a rubuta ta, amma shafi ɗaya ya isa. Ranar shiga, ranar fita, abin da yaro zai iya a ƙarshen kowace shekara, kuɗin abinci da na sabulu, wa zai ɗauki nauyin asibiti in injin yankan ƙarfe ya ci yatsa, da abin da za a yi in ɗayan ya saɓa. Wannan na ƙarshen kai yake karewa, don na san sau nawa aka yi maka: ka sha wahalar yaro shekara biyu, ya fara amfanuwa, wani shago ya ja shi da sefa 500 a rana. Shaida kuma ba sai an je wurin lauya ba. Akwai jauro, akwai lawan, akwai shugaban ƙungiyarku. Tun kafin zuwan Bature sana'a tana da masu kula da ita, sarkin maƙera, sarkin pawa, sarkin aska, kuma in almajirin sana'a ya gudu ko maigida ya ci amana, an san ƙofar da ake zuwa. Dokar masu sana'ar hannu ta 2007 ta riga ta ɗora rajistar masu sana'a a kan ofishin magajin gari, to a ajiye kwafin yarjejeniyar a can, kyauta.

Sai kuɗi, wanda a nan ne yawancin gyare-gyare ke mutuwa. In aka ce yaranka su je aji kwana ɗaya a mako, kai ne ka rasa hannu bakwai a ranar. Me za ka samu? A Jamus, inda kowa ke kawo misali, kamfani yana biyan ɗan koyo, gwamnati tana riƙe makaranta, majalisun masu sana'a suna yin jarrabawa, kowa ya san rabonsa. Mu ba mu da irin kamfanoninsu, amma ba a ce ba mu da tukunya ba. Kamfanoni a Kamaru suna zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a asusun samar da aiki na FNE, wanda aka kafa a 1990. Cadi tana da asusun FONAP da ake ciyarwa da harajin koyon sana'a. Tambayar ita ce ina kuɗin horo ke sauka. Manyan cibiyoyin horo uku na zamani da aka gina da taimakon Koriya ta Kudu suna Duwala da Limbe da Sangmelima, duk a kudu, tafiyar sama da kilomita 1,000 daga ƙofar shagonka. Da za a ware ɗan abu kaɗan a ce duk maigidan da ya yi rajistar yaransa za a koya masa waldar argon kyauta na mako uku, a ba shi garkuwa da safar hannu na kowane yaro, kuma in ƙaramar hukuma za ta ba da aikin bencin makaranta ko ƙofofin asibiti shi za a fara kira, da layi za ku yi a ofishin, ba sai an aiko ɗan sanda ba.

Abin da za ku ƙi, ku ƙi shi da murya ɗaya. In aka ce maigida sai yana da takardar makaranta kafin ya ɗauki yaro, an rufe shago tara cikin goma ke nan, a auna shi da aikinsa da shekarunsa. In aka sa kuɗi a kan rajistar kowane yaro, ko aka ce littafin rajistar za a miƙa shi ofishin haraji, ba wanda zai rubuta sunan kowa, kuma suna da gaskiya. In aka ce yaro sai da shaidar gama firamare kafin ya zauna jarrabawar hannu, an kori waɗanda aka ce don su ake yi. Amma shekara 14 ɗin nan kada ku yi jayayya da ita, duk da ni kaina ban kai ba aka kai ni. Yaro ɗan shekara 10 ba shi da abin yi kusa da tulun gas. Hukumar ƙwadago ta duniya ma, a shawarar da ta zartar a 2023 kan koyon sana'a mai inganci, ta yarda a ɗaga koyon shago a gyara shi maimakon a share shi, amma ba ta sassauta kan rubutacciyar yarjejeniya da lafiyar ɗan koyo ba.

'Yan mata da ke wurin masu ɗinki da masu kitso duk abin da na faɗa ya shafe su, har ya fi, don su aka fi cirewa a tsakiyar koyo in aure ya zo. Ƙaramar shaida a ƙarshen kowace shekara za ta sa ko an cire yarinya ta fita da wani abu a hannu.

Ba sai ka jira Yawunde ba kafin ka fara. Kira iyayen yaran nan 7 ɗaya bayan ɗaya, ku sa ranar gamawa, a rubuta, jauro ya shaida. Sayi garkuwa ko uku ce, su riƙa karɓa-karɓa. In ba ka cikin ƙungiyar masu walda ka shiga, domin in an kira taron jin ra'ayi ƙungiya ake aika wa takarda, kuma wanda bai je ba a kansa ake yanke magana. Shi kuma yaron da ka yaye, kada ya yar da takardarka, ita ce shaidar shekarun da ya yi. Ka sake rubuta masa wata mai ranar shiga da ranar fita da jerin ayyukan da ya iya, shugaban ƙungiya ya sa hannu, ya haɗa da hotunan ƙofofi da tankunan da ya yi. Ka raka shi da kanka ofishin MINEFOP na yankin Arewa a nan Garwa, ku ce kun zo tambaya kan VAE da jarrabawar CQP, yaushe ake rajista, da me ake zuwa. In na farko ya ce bai sani ba, ku nemi mai kula da sashen jarrabawa. Ku tafi da safe, kuma ku riƙe wani ƙarfe da ya haɗa da hannunsa a cikin leda.